Waƙar "Mama" a Gidan Tsofaffi na Aachen

Wata goma sha ɗaya ke nan da na sauka Jamus, ina aikin kula da tsofaffi a wani gida da ke gefen birnin Aachen. Duk ranar Alhamis da la'asar ana tara su a falo, a ba su kofi da kek, a kunna musu waƙoƙin zamaninsu. Ni dai nawa in tura keken wannan, in goge bakin wancan. Ban taɓa kasa kunne ba sai ranar da wata siririyar murya ta tashi, har na ɗauka yarinya ce.

Tsohuwar ɗaki na bakwai, wadda ba ta tuna ko ta ci abinci, wadda sunan ɗanta ma ya ɓace mata, ta bi waƙar nan daga farko har ƙarshe ba ta tsallake kalma ɗaya ba. Jamusancina ya kai in gane abin da ake faɗa: yaro ne yake roƙon uwarsa kada ta yi kuka a kansa, wata rana za su sake haɗuwa. Farantin kek yana hannuna kuka ya ƙwace mini, mai sauti, a gaban tsofaffi da ma'aikata da 'yan ziyara. Shugabar sashenmu ta ja ni ɗakin canza kaya, ta miƙo mini ruwa, ta tambaye ni ko aikin ne ya fi ƙarfina.

Tambayar nan har yau tana ci mini rai. Ni da na ci jarrabawar Jamusanci a zama ɗaya, ni da ban taɓa makara ba ko ranar da ƙanƙara ta rufe hanya, ni za a ce aiki ya fi ƙarfina? Na rasa ta inda zan fara yi mata bayani, sai na ce mura ce.

Da dare na nemi labarin mai waƙar. Heintje ake ce masa, kuma ashe ba Bajamushe ba ne. Ɗan ƙasar Holan ne, an haife shi a 1955 a Kerkrade, garin da ke tsallaken iyaka, kusa da mu ƙwarai. Mahaifinsa mai haƙar kwal ne. Yana ɗan shekara 11 ya ci gasar waƙa, wani mai shirya faifai, Addy Kleijngeld, ya ɗauke shi. A 1967 aka fitar da "Mama", wadda asalinta waƙar Italiya ce, sai ga ɗan mahaƙin kwal ya shiga kowane gida a Jamus, yana sayar da faifai miliyoyi, har da fitowa a finafinai. Da ya balaga murya ta fashe, kasuwar ta ja baya. Ya ci gaba da waƙa da sunan Hein Simons, ya zauna a Beljiyom yana kiwon dawaki. Yanzu shi ma tsoho ne, amma a falonmu har gobe yaro ne, kuma matan nan da suka haura tamanin suna jin sa kamar ɗan cikinsu.

Abin da ya tsaya mini shi ne yadda yaro zai buɗe baki a gaban duniya ya faɗa wa uwarsa yana son ta. Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Ko sunana ba ta kira. Ranar da zan taso daga Katsina ba ta rungume ni ba, ba ta ma bi mu tasha ba. Ta ƙulla mini daddawa da kuka da yajin da ta daka da hannunta, ta ce, "Allah ya tsare," ta juya ta shige ɗaki. Daga baya ƙanwata ta gaya mini kwana biyu Inna ba ta taɓa tuwo ba.

Yanzu ciwon suga ya taso mata. Ƙanwata ce ke yanke mata farce, ita ke duba mata ƙafa kowace safiya, ga goyo ga makaranta. Ni kuma ina nan ina shafa wa iyayen wasu mai a ƙafa, ƙarshen wata in tura kuɗi. Ɗan tsohuwar ɗaki na bakwai yana Kolon, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa, sai Kirsimeti yake leƙowa. Da farko nakan tsine masa a zuciyata. Tun ranar Alhamis ɗin nan bakina ya yi nauyi.

Ranar Juma'a na kira Inna ta WhatsApp, na shirya abin da zan faɗa mata tun ina cikin bas. Muka gaisa, ta tambayi sanyi, na tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Maganar ta zo mini har maƙogwaro ta tsaya. Muka yi shiru, ina jin kukan akuyarmu ta bayanta.

Can ta ce, "Ke, daddawar nan ba ta ƙare ba kuwa?"