Godiya ga duk wanda ya sa hannu a aikin solar makarantarmu

Salamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi jiya da daddare yaranmu sun yi firef, wato karatun dare, har ƙarfe goma, ba ƙarar janareta ba tocila, ni kuwa na tsaya a bakin taga ina kallon fankoki suna juyawa kamar ban taɓa ganin fanka ba, shi ya sa na ce yau sai na rubuta wannan godiyar ko da zan yi tsawo, a yi min haƙuri.

Duk wanda yake Arewa a ƙarshen Oktoban 2024 ya san wahalar da aka sha, lokacin da ɓata-gari suka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna sannan ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, muka shafe fiye da mako a duhu ga lita ɗaya ta fetur ta haura naira 1,000. Mutane suna ɗauka matsalar makarantar kwana in ba wuta karatun dare ne kawai. Wallahi ruwa ne. Ba wuta sumo, wato injin jan ruwa na bohal, ba zai ja ba, tanki ya bushe, na ga 'yan aji ɗaya da bokiti a ka tun asuba suna bin 'yan garuwa a bakin get, Inna mai girki tana auna ruwan tuwo da kofi kamar mai auna man gyaɗa. Masu shirin JAMB kuma kwamfutoci na gabansu a lulluɓe da zani, yaro zai shiga jarrabawa bai taɓa riƙe maus ba.

To tsofaffin ɗalibai, Allah ya saka muku da alheri, ku kuka ɗauki kuɗin inbata da batir, kuma da aka zo gardamar wane batir za a saya, tubula mai buƙatar ƙarin ruwa ko lithium, kuka ce a ƙara kuɗi a sayi lithium tunda ba mai lokacin bin batir da ruwa duk wata, a lokacin na ga kamar almubazzaranci ne amma yanzu na janye maganata. Iyaye, har da wata baiwar Allah mai ƙosai da ta kawo nata ɗaure a bakin zani ta ce kar a rubuta sunanta, Hajiya ban rubuta ba amma Allah ya gani. Injiniya da yaransa da suka kwana uku a kan kwano cikin rana, shi ne ma ya hana mu kafa fanel ɗin yadda muka ga dama, ya ce su fuskanci kudu a ɗan karkace don su sha rana sosai, kuma ya raba layin bohal daban don a riƙa buga ruwa da tsakar rana a bar wa dare batir. Baba mai gadi, sannu da kwanan zaune kana gadin kaya kafin a ɗora su.

Malamai 'yan uwana na kwatas, don girman Allah ban da ayan guga da hita, shekaranjiya inbata ya yi ƙara ya ɗauke kuma mun san daga ɗakin da abin ya fito. Sannan hunturu na tafe, ƙura in ta kwanta a kan fanel caji raguwa yake yi, don haka duk Asabar da safe za a hau a goge da ruwa da tsumma mai laushi, jadawalin yana manne a ƙofar ofis, ni ne na farko a kai.