Talata, 18 ga Maris 2025: Gwamnati a motar haya

Azumin yau ya ba ni wuya, rana ta yi zafi kamar ba gobe. Shago ma shiru, duk kowa ya lafe a inuwa. Ban samu kaina ba sai bayan asham, da na zauna a ƙofar gida da Kawu, na jingina waya da butar shayi muka kunna shirin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, kai tsaye. Yau ne 'yan sama jannati Butch Wilmore da Suni Williams za su sauko duniya.

Labarinsu ya daɗe yana cina. Sun tashi ranar 5 ga Yuni 2024 a kumbon Starliner na kamfanin Boeing, da niyyar kwana takwas ko makamancin haka a tashar sararin samaniya. Injinan juya kumbon suka fara gardama, iskar heliyom kuma tana zuba. NASA ta ce ba za ta yi caca da rai ba, aka dawo da kumbon babu kowa a ciki cikin watan Satumba, su kuwa suka zauna sai da suka cika kwana 286.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan, laimomin sauka huɗu suka buɗe, kumbon Dragon na kamfanin SpaceX da ya ɗauko su ya faɗa teku a gaɓar Florida. Jikinsa duk ya ƙone ya yi baƙi-baƙi saboda zafin shigowa. Ana ƙoƙarin ɗaure shi sai ga kifayen dolfin suna kewaya shi, Kawu ya yi ta dariya har yana tari.

Sai ya tambaye ni: "Ɗan nan, wannan kumbon na gwamnatin Amurka ne?" Na ce masa a'a, Kawu, na kamfani ne, gwamnati kujera take biya. Ya yi shiru. Shi ya ji saukar kumbon Apollo 11 a duniyar wata ta rediyo a 1969, kuma a tunaninsa tafiya sama aikin ƙasa ne, kamar soja. Na ce masa ai gwamnati ta sayar da motarta ne ta koma tasha tana shiga ta haya.

Haka abin ya faro. A 2011 aka yi wa kumbunan Shuttle ritaya, Amurka ta wayi gari ba ta da abin da za ta ɗauki 'yan sama jannatinta. Shekara tara tana biyan Rasha, kujera ɗaya a kumbonta na Soyuz ta haura dala miliyan 80. A 2014 NASA ta raba kwangila biyu: Boeing dala biliyan 4.2, SpaceX dala biliyan 2.6. Farashi ne yankakke, in kuɗi ya ƙaru kamfani ne zai ɗauki asara. Wanda aka ba kaɗan shi ya fara kai mutane, ranar 30 ga Mayu 2020. Tsohon hannu da aka ba da yawa kuwa ya tafka asarar kusan dala biliyan 2, ga shi yau abokin gasarsa ne ya ɗauko masa fasinjojinsa.

Gaskiya tsarin ya yi aiki, ba na musu. Rokar Falcon 9 ta SpaceX tana dawowa ta sauka a tsaye a sake amfani da ita, abin da ya karya farashi ke nan. Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. An ba kamfani biyu ne don in ɗaya ya gaza ɗaya ya tsaya. Yanzu ɗaya ya durƙusa, saura ɗaya, shi ma a hannun mutum guda, Elon Musk, wanda ya tsunduma cikin siyasar ƙasar har wuya. In rana ɗaya suka saɓa da gwamnati fa? Mai biya ba shi ne mai makullin ba. Ko intanet ɗin Starlink da ya shigo Najeriya a 2023 nasa ne, kuma rokokinsa ne ke harba taurarin ɗan'adam ɗin.

Kawu dai bai damu da wannan ba. Da ya ga an fito da Suni Williams ana ɗora ta a kujera mai taya, tana murmushi tana ɗaga hannu, cewa ya yi: "Ikon Allah, wata tara ba ta taka ƙasa ba!" Daga nan ya tambayi ko iyalinta sun samu zuwa. Data ta kusa ƙarewa, na kashe, na je na jiƙa gero don kunun sahur.