Hawan Ɗa'ifa da Maganar Hanyar Ruwa

Bayan kammala Umara, mai masaukina, wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka wanda kakansa ya taho daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya ce ba zan koma gida ba sai na ga Ɗa'ifa. Muka bi hanyar Hada, wadda take nannaɗe da dutse har tsayin kusan mita 2,000, kuma tun kafin mu ƙure hawan sanyi ya sa muka ɗaga gilasan mota.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gwaggon birai, garke guda, zaune a bakin kwalta suna jiran matafiya su jefa musu burodi da ayaba. Da muka tsaya kallo, wani jami'i ya daka mana tsawa ba ko sallama, alhali ba mu muka jefa abincin ba. Na ji haushi, amma dattijon ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, bakinsa ne ba daɗi, maganarsa gaskiya ce." Ya bayyana mini cewa da aka yanka tsaunin da tituna, aka cika gangarensa da gidajen shaƙatawa, sai dabbobin suka rasa hanyar da suke bi daga sama zuwa kwari neman ruwa da 'ya'yan itace, suka koma ga juji da hannun mutane. Damisar Larabawa da take rage yawansu kuwa, yau a Saudiyya da wuya a gan ta sai a cibiyar kiwo da ke nan Ɗa'ifa, a killace.

Na tambaye shi, "Baba, to wa yake hana gini a irin waɗannan wurare?" Ya ce hukumar gari, wadda suke kira baladiyya, ita ke ba da izinin gini, kuma sai da aka yi asarar rayuka ta tsananta. A ranar 25 ga Nuwamba, 2009, ana cikin aikin Hajji, ruwan sama na 'yan sa'o'i ya gangaro daga duwatsun gabashin Jidda ya tarar da gidaje a cikin kwaruruka, ya kashe mutum fiye da 100, unguwar Ƙuwaiza na cikin waɗanda suka fi shan wahala. Bayan bincike Sarki Abdullahi ya ba da umarnin daina raba filaye da takardun mallaka a hanyoyin ambaliya. A Riyadh ma an ceto Wadi Hanifa, kwari mai tsawon kilomita 120 da ya zama wurin zubar da shara, har aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2010.

Ina sauraronsa ina tuna kududdufan Kano da aka cike aka gina shaguna a kansu, da Jakara da ta koma kwatami, sannan duk damina mu ce ruwa ya yi ɓarna. Kuma wannan tsari ba baƙo ba ne a addininmu, domin Annabi (SAW) ya keɓe filin kiwo na Naƙi'i kusa da Madina don amfanin al'umma, Sayyidina Umar ma ya keɓe na Rabaza. A ganina Saudiyya ta koyi barin hanyar ruwa, amma a kan dutsen Hada har yanzu mai gida da mai otal sun fi dabba gata, tunda toshe hanyar biri ba ya rushe gidan kowa.

A kasuwar 'ya'yan itace ta Hada rumman ya yi tsada ƙwarai, sai da Baba ya sa baki da Larabcinsa na Makkawa aka rage kusan rabi, ya kuma hana ni biya. Turaren wardin Ɗa'ifa kuwa kallonsa kawai na yi.

Mun sauko ta Sailul Kabir, inda miƙatin mutanen Najdu yake. Washegari a Jidda, kan hanyar filin jirgi, direba ya nuna mini ɗaya daga cikin manyan magudanan kankare da ke kai ambaliya teku, a bushe ƙayau, kuma babu ko rumfa ɗaya a cikinsa.