Godiya bayan kare kundin bincikena a kan tumatir

Assalamu alaikum. Cikin ikon Allah na kare kundin digirina na biyu a nan Damagaram, kuma kwamitin malamai ya amince da aikin. Ina miƙa godiya ga iyayena da 'yan uwa da abokan arziki waɗanda suka cika zauren, da waɗanda suka aiko da addu'a daga nesa. Da yawa sun tambaye ni a bakin ƙofa ko mene ne ainihin abin da na bincika, saboda haka na ga ya dace bayani ya zo tare da godiyar.

Aikina ya shafi wani babban dangi na ƙwayoyin gado a jikin tumatir, waɗanda ke samar da furotin mai suna kinaz mai karɓar saƙo. Wannan furotin yana zaune ne a fatar ƙwayar halitta kamar mai gadi a zaure, kunnensa a waje, bakinsa a cikin gida. Idan ya ji alamar ƙwayar cuta ko ta rauni, sai ɓangarensa na ciki ya liƙa sinadarin fosfat a jikin wasu furotin, daga nan shuka ta ɗaura ɗamarar kare kanta. Daga cikin masu gadin nan, wanda ake kira FLS2 yana gane wani guntu na bulalar da bakteriya ke iyo da ita, FLS3 kuwa, wanda aka bayyana a 2016, yana gane wani guntun dabam na wannan bulalar. SYR1 shi ne ke karɓar sistamin, saƙon da ganye ke fitarwa idan tsutsa ta ci shi; tun 1991 aka gano saƙon a Amurka, amma sai a 2018 aka tabbatar da mai karɓarsa. Wanda ya fi jan hankalina shi ne I-3, da aka samo daga wani tumatirin daji na ƙasar Peru, domin yana taimaka wa shuka ta jure wani nau'in cutar fusariyom mai sa yaushi.

Godiya ta musamman ga malamina mai kula da aikin, wanda ya hana ni gaggawa, ya zaunar da ni gaban kwamfuta har na iya laluben taswirar gadon tumatir da aka wallafa a 2012, mai kuromozom 12 da ƙwayoyin gado wajen 35,000. Malam, Allah Ya saka da alheri, Ya albarkaci zuri'a. Haka ma ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda suka yi ta ɗawainiya da ƙanƙara don kada samfurin ganye ya lalace a duk lokacin da aka ɗauke wuta cikin zafin bazara.

Sai dai waɗanda suka fi kowa cancantar godiya su ne iyayenmu masu lambu na Mirriya da Gidimuni. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya bar ɗalibi ya tuge masa shuka mai 'ya'ya a tsakiyar noman rani. Wani dattijo ne ya fara nuna mini gindin da ganyensa ya yi ɗorawa ta gefe ɗaya, ɗaya gefen yana kore shar, sannan ya zaro wuƙa ya tsaga karan, sai ga jijiyar ciki ta yi ruwan ƙasa. Alamar cutar fusariyom da littattafanmu ke bayyanawa ke nan, shi kuwa ya san ta tun kafin a haife ni. Baba, na gode, kuma ban manta da tambayarka ba ta yaushe za a samu iri mai jure wannan ciwo.

Amsar gaskiya ita ce kundina bai haifar da sabon iri ba. Abin da ya yi shi ne ware waɗansu daga cikin ƙwayoyin gadon nan da ya kamata masu inganta iri su duba a tumatirin da ake nomawa a yankinmu, kuma tsakanin wannan mataki da irin da manomi zai saya a kasuwar Dole akwai aikin shekaru. Na yi alkawarin komawa lambunan biyu da taƙaitaccen bayanin sakamakon cikin Hausa kafin a zuba irin bana, in Allah Ya yarda.