Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar da Na Sa wa Hannu a Gwanzu

Makon jiya mun tsaya inda ni da Yaya muka gama haɗa kayan yadi za mu kai wajen masu kwantena. A shekarar 2019 ke nan, muna zaune a wani ƙaramin otal a unguwar Xiaobei, inda baƙar fata suka fi yawa a Gwanzu, ƙasar Chaina.

Da asuba ya ce min ɗakin yana juya masa. Na ce gajiya ce, kwana huɗu muna zagayen kasuwa. Na ba shi Panadol, na yi masa tofi a ruwa. Wajen ƙarfe goma ya dube ni ya ce, "Auta, ku biyu nake gani." Na yi dariya, Allah ya yafe min. Sai da azahar, ruwan da na ba shi ya sarƙe shi, harshensa ya yi nauyi, sannan cikina ya ɗuri ruwa. Ni abin da na sani game da shanyewar ɓarin jiki shi ne baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki. Yaya kuwa hannayensa biyu suna motsi.

Kafin a ɗauki hoton kansa a asibiti awa tara ta wuce. Likitan ya zana min a bayan takarda: jijiyoyi biyu suna hawowa ta bayan wuya, su haɗe a ƙeya su zama ɗaya, ita ce basila. Ita ke shayar da gindin ƙwaƙwalwa, wurin da numfashi da haɗiya da farkawa suke. Gudan jini ya toshe ta. Tafinta ya ce allurar narkar da jini a cikin awa huɗu da rabi ake yin ta, mun makara. Abin da ya rage, a zura siririyar roba ta jijiyar cinya har cikin kai a zaro gudan. Ya turo min takarda da biro.

Na fita baranda na kira ɗan kawunmu da ke aikin likita a Ingila. Na zaci zai ce in sa hannu kawai. Sai ya yi shiru.

"Ɗan'uwa, gaskiya zan faɗa maka. Wannan aikin an tabbatar da amfaninsa tun 2015, amma a jijiyoyin gaban kai. Masu toshewar basila ba a saka su a waɗancan gwaje-gwajen ba. Akwai wanda ake yi a Holan tun 2011, har yau ba a gama ba. A nan wani zai yi, wani zai ja da baya, musamman da lokaci ya ja haka. Ka je Helsinki ta ƙasar Finland kuma, can allurar suke bugawa ko an wuce lokacin nesa ba kusa ba."

Na ce, "Likita, ni ɗan Kwari ne. Ku da kuka yi karatun ba ku daidaita ba, ni zan raba muku gardama?"

Na koma na faɗa wa likitan Chaina abin da aka ce. Bai ji haushi ba. Ya ce su ma sun fara irin wannan gwaji, inda ake raba marasa lafiya da ƙuri'a, wasu aiki wasu magani zalla, aka tsayar da shi yana da mutum 131 kacal, don iyalai da yawa da ƙuri'a ta faɗa musu a kan magani zalla sun ƙi yarda, sai an yi aikin. Ya nuna agogon bango, ya nuna Yaya, wanda a lokacin ido kawai yake iya buɗewa idan na kira sunansa.

A ranar na ɗauka ɗayansu ne bai iya aiki ba. Sai daga baya na gane kowa marasa lafiyar da ke gabansa yake kallo. A Turai sau da yawa gudan daga zuciya yake tasowa ya zo ya maƙale, kuma mutane kan isa asibiti da wuri a yi musu allura. A gwajin Holan, da ya fito a 2021 da mutum 300, kusan takwas cikin goma an yi musu ita, waɗanda suka samu sauƙi kashi 44 ne a masu aiki, 38 a masu magani, ratar ba ta isa hujja ba. A Asiya kuwa jijiyar kanta ce ke yawan ƙuntacewa da kitse, masu samun allura kuma ba su kai haka ba. Da Chaina ta fitar da gwaji biyu a 2022, ɗaya cikin awa 12, ɗaya daga awa 6 zuwa 24, kashi 46 na waɗanda aka yi wa aiki sun samu sauƙi mai ma'ana, na magani zalla 23 da 24. Ɗan kawun namu da kansa ya turo min labarin, ya ɗora da cewa, "Ashe mutumin naka ya riga mu gani." Amma ya ƙara da cewa har yanzu suna muhawara a kan masu ciwo mara tsanani. Likitoci dai ba sa rasa abin ja.

Duk wannan babu wanda na sani a waccan barandar. Abin da na sani shi ne matar Yaya tana ta kira daga Kano ban ɗauka ba, kuma akawun asibiti na jiran kuɗin ajiya. Kuɗin kwantena ne a jakar da ke ɗaure a ƙuguna. Na kwance ta na zube a kan kanta, na yi bisimilla, na sa hannu a takardar da ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba.

Suka tura gadon. Takalminsa ɗaya ya faɗo a bakin lif, na tsuguna na ɗauka. Ina riƙe da shi wayar ta sake ƙara, wannan karon Inna ce.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.