Kujerun Hajiya a filin jirgin Manchester

Talata, ƙarfe 11 na dare, Granada.

Mun iso lafiya, alhamdu lillahi, kuma kowa ya yi barci sai ni. Na so a ce rubutuna na farko daga Andalus, a kudancin Sifaniya, a kan fadar Alhambra zai kasance, wadda Hajiya, mahaifiyata, ta yi shekara biyu tana yi mini zancenta, amma abin da ya tsaya mini a rai tun da asuba shi ne kujeru biyu masu naɗewa da wata magana da Hajiya ta yi a gaban kantar auna kaya.

Kun san halin da gwiwoyinta suke ciki. Tun bara ba ta iya tsayuwar minti 10 ba tare da ta nemi abin dafawa ba, salla ma a zaune take yin ta. Shi ya sa a makon jiya na shiga kantin da ake sayar da kayan kwana a daji na sayo kujeru biyu, fam 14 kowacce, irin masu ƙafafun ƙarfe da zane mai kauri, waɗanda idan aka naɗe su suke shiga wata doguwar jaka kamar naɗaɗɗiyar tabarma. Na zaɓi masu wurin ɗora hannu da gangan, domin da shi take dogarawa ta miƙe. Ta biyun kuwa na saye ta ne saboda Hajiya ba ta son ta zauna ita kaɗai alhali mutane suna tsaye a kanta, takan ce ji take kamar dubiyarta aka zo yi. Kowace kujera ba ta kai kilo 3 ba, sai dai tsawonta a naɗe santimita 85 ne, babban akwatinmu kuma bai wuce 75 ba. Na gwada ta miƙe, na gwada ta karkace, ta ƙi shiga.

Mun bar gida ƙarfe 3:30 na dare cikin raha. Ɗana Hanif bai runtsa ba saboda ɗoki, Hajiya kuma ta yi addu'ar tafiya sau biyu, ta ce ta farko barci ya ɗan sace ta a tsakiya. Baban Hanif ya rataya kujerun a kafaɗa, ɗaya dama ɗaya hagu.

Tikitinmu fam 38 ne kowane mutum, daga Manchester zuwa Malaga, tafiyar kusan awa 3. Na san sharaɗin irin waɗannan jirage masu araha: abin da aka yarda ka shiga da shi kyauta ƙaramar jaka ce wadda za ta shige ƙarƙashin kujerar da ke gabanka, duk abin da ya wuce nan da kuɗinsa. Don haka tun a intanet na biya kuɗin akwati ɗaya mai kilo 20. Kujerun ne ban biya musu ba, kuma ina da dalili. Akwai dokar Tarayyar Turai ta 2006, wadda Birtaniya ta ci gaba da aiki da irinta bayan ficewarta, da ta wajabta wa kamfanonin jirage su ɗauki kayan taimakon tafiya guda biyu kyauta ga fasinjan da tafiya ke yi masa wuya, muddin an sanar da su awa 48 kafin tashi. Na sanar da su cewa Hajiya za ta buƙaci keken guragu a filin jirgi, na kuma ɗauka kujerar da take hutawa a kai tana cikin wannan lissafi.

Ma'aikaciyar da ke kan kanta yarinya ce ƙarama, da alamar ita ma ba ta yi barci ba. Ta auna akwatin, ya zo kilo 17, ta liƙa masa takarda ya wuce. Sannan ta dubi kafaɗun Baban Hanif ta tambaya mene ne waɗannan. Na yi mata bayani a tsanake, na nuna mata Hajiya a cikin keken, na kuma buɗe mata saƙon da ke tabbatar da cewa mun nemi taimako. Ta saurara har na gama, ta ce abin da suke ƙirgawa a matsayin kayan taimakon tafiya shi ne keken guragu da sandar dogarawa da ƙarfen da tsofaffi ke turawa, waɗannan kuwa kujerun shaƙatawa ne. Na ce mata akwatinmu yana da ragowar kilo 3, a bar nauyin kujera ɗaya ya shiga ciki. Ta ce ba da nauyi kaɗai suke lissafi ba, da ƙirga ne, kowane ƙunshi da kuɗinsa. Na ce to mu shiga da su cikin jirgi a hannu. Sai ta nuna mini kejin ƙarfen nan da ake zura jaka a ciki don a ga ko ta dace da awo, wanda ko rabin kujerar ba zai haɗiye ba, ta ce idan muka kai su ƙofar shiga jirgi za a karɓe su a can, kuɗin kuma zai fi na nan. Na tambaye ta nawa ne. Ta ce fam 55 kowane ƙunshi, da a intanet na biya da bai kai rabin haka ba.

Hajiya ba ta jin Turanci, amma tana gane fuskata. Ta jawo Hanif ta tambaye shi me matar take cewa, shi kuma yaro ne, ya gaya mata komai yadda yake. Ta ce, “Nawa ke nan a kuɗinmu?” Kafin in hana shi ya riga ya danna wayar babansa ya ce kujera ɗaya ta haura naira dubu 100. Na ga ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai, ta yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ta kira ni da muryar da take yi idan ba ta son kowa ya ji.

Ta ce, “Ke, ki bar su a nan. Wani ya ɗauka ya amfana. Zan zauna a ko'ina na samu.”

Na ce, “Hajiya, don ke aka saye su, ba za mu tafi mu bar su ba.”

Ta ce, “Abin da nake gudu ke nan. An biya kuɗin biza, an biya na jirgi, an turo ni a keke, yanzu kuma a biya wa wurin zamana. Ashe idan mutum ya tsufa shi ma kaya yake zama.”

Ban samu abin da zan ce mata ba. Akwai layi a bayanmu, wani mutum yana duba agogo, ni kuma ina tsaye da katin banki a hannu, maƙogwarona ya cushe. Matar nan ita ce ta riƙa ɗaukar tallar atamfa gida gida a Gwammaja don mu yi karatu, ba ta taɓa lissafa mana ko kwabo ba, yau ga shi an yi wa wurin zamanta farashi a gaban idonta, jikanta kuma ya juya mata shi zuwa naira.

Yarinyar ba ta ji abin da aka ce ba, amma na tabbata ta ga abin da ya faru. Ta rage murya ta ce idan kujerun biyu suka zama ƙunshi ɗaya ɗaurarre, kuɗin ɗaya za ta karɓa. Baban Hanif ya durƙusa a gefen layi, ya haɗa su kai da ƙafa, ya ɗaure da igiyoyin jakunkunansu, ya ƙara da ɗamarar akwati da muka zo da ita. Na biya fam 55. Aka tura mu wata kanta ta daban, inda ake karɓar kayan da siffarsu ba ta dace da bel ɗin akwatuna ba, muka miƙa su tare da sandunan wasan golf na wasu mutane. Na yi wa yarinyar godiya har zuciyata, domin ba ita ta tsara farashin ba, kuma ta yi iya abin da ke hannunta.

A cikin jirgi na yi ta juya lissafin. Kujerun da na saya fam 28 sun ci fam 55 na dako a zuwa kaɗai, wato sun fi tikitin Hajiya kanta tsada. Na san yadda kasuwancin yake tafiya: ana karya farashin tikiti don ya ja ido, sannan a raba tafiyar gunduwa gunduwa, akwati da kuɗinsa, zaɓen wurin zama da kuɗinsa, shiga jirgi da wuri da kuɗinsa, ko ruwan sha sai ka saya. Ba na musun cewa wannan tsari ne ya sa iyali irin namu suke iya zuwa Sifaniya mu huɗu. Kotun Tarayyar Turai ma a 2014 ta halatta karɓar kuɗi a kan kayan da ake sakawa a cikin jirgi, ta dai ce jakar hannu mai matsakaicin girma da nauyi ba a ɗora mata kuɗi. A Nuwamban 2024 gwamnatin ƙasar nan da muka zo ta ci tarar kamfanoni biyar masu araha yuro miliyan 179, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne kuɗin jakar hannu, su kuma suka garzaya kotu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ninka farashi a kanta. Nauyin kujerar bai ƙaru ba tsakanin daren jiya da asubar yau, abin da ya sauya kawai shi ne yanzu ba ni da inda zan kai ta, su ma sun san haka.

Hajiya ta zo daga gida Najeriya da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, cike da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, ba wanda ya nemi ƙarin ko sisi, shi ya sa abin ya ɗaure mata kai. A tasha ma ana biyan kuɗin kaya, ta sani sarai, amma a can ɗan kamasho yana duban fuskar mai kayan, a yi ciniki, idan ya ga tsohuwa ya ce, “Hajiya, kawo abin da ya sauwaƙa.” A nan kwamfuta ce ke yanke farashi, wanda ke gabanta kuma ba shi da ikon rage ko fam ɗaya.

Kujerun sun fito a Malaga lafiya, sai ɗan datti a jakar ɗaya. Motar Granada ta yi kusan awa 2, Hajiya ta yi barci duk hanya.

Da yamma muka hau ƙaramar bas zuwa unguwar Albaicín, inda masallacin da aka buɗe a 2003 yake. Daga lambunsa ana hango Alhambra a kan tudun da ke fuskantarsa, ganuwarta ja, duwatsun Sierra Nevada a bayanta. Na buɗe kujerun biyu a wani gefe inda ba za mu tare wa kowa hanya ba. Da farko ta ƙi zama, ta ce ba ta gaji ba, alhali ina ganin yadda ta damƙe hannun Baban Hanif. Sai da na fara zama a tawa sannan ta dafa ta zauna. Mun kai minti 40 a haka. Ta tambaye ni shekarar da mulkin Musulmi ya ƙare a garin, na ce 1492, ta yi ta maimaitawa a hankali tana jan carbi. A kan kujerar ta yi magariba. Ba ta sake ɗaga zancen kuɗin ba, ni ma ban ɗaga ba, na ɗauka ya wuce.

Ɗazu, bayan ta kwanta, na buɗe kwamfuta don in biya kuɗin ƙunshin na komawa tun yanzu, ya zo fam 24. Da na ɗaga wayata daga kan tebur sai na tarar da yuro 50 a ƙarƙashinta, an ninke shi gida huɗu yadda take ninke kuɗi ta ɗaure a haɓar zani. Daga cikin guzurin da Yaya Sani ya ba ta ne don ta yi wa jikokinta tsaraba. Idan na mayar mata da safe za ta ji na raina abin hannunta, idan kuma na riƙe na tabbatar mata da maganar da ta yi a gaban kanta. Kuɗin yana nan kusa da ni ban taɓa shi ba, tikitinmu na shiga fadar kuma ƙarfe 10 na safe ne.