Yadda na gyara lissafin makin 'yan darar ces a ƙauyenmu

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, cikin littafin rubutu nake riƙe makin masu buga darar ces. Da tsarin lissafin maki na Elo na fara, wanda FIDE, hukumar darar ces ta duniya, ta ɗauka a 1970. Kowa na ba shi 1500. A bangon littafin na rubuta abin da ake sa ran wanda ya fi maki zai samu: in tazarar 100 ce, 0.64, in 200 ce, 0.76, in 400 ce, 0.91; na mai ƙarancin maki kuwa shi ne abin da ya rage a cika 1. An tashi wasa, sai ka cire wannan daga abin da ya samu (nasara 1, canjaras 0.5, faɗuwa 0), ka ninka da lambar da ake kira K, abin da ya fito shi ne makin da za a ƙara masa ko a rage.

Kuskurena shi ne bai wa kowa K 20. Ɗan sakandare hannunsa kullum ƙaruwa yake, amma in ya kayar da wanda ya fi shi da 100, maki 13 kacal zai samu. Sai ya yi watanni makinsa na ƙasa da ƙarfinsa, duk dattijon da ya zauna da shi kuwa sai ya zubar da maki, ba don ya ja baya ba. FIDE tana ba sabon ɗan wasa K 40 har ya cika wasa 30. Da na bi wannan, nasarar ta koma 26.

Masu tafiya cin rani sun fi ba ni aiki. Mutum ya tafi bayan kaka, sai damina ya dawo, ko hannunsa ya yi sanyi ko ya gogu a birni, Elo kuwa tsohon makinsa yake gaskatawa. Tsarin Glicko da Mark Glickman ya fitar a 1995 ya ƙara lamba ta biyu mai auna shakka a kan makin mutum: tana farawa daga 350, tana raguwa in ana wasa, tana hawa in an daina. Lissafinsa ya fi ƙarfin biro da takarda, sai na kwaikwayi dabarar. Duk wanda ya yi wata huɗu bai buga ba, K 40 yake hawa a wasanninsa goma na farko, abokin karawarsa kuma K 10, don kada a ci shi tara a kan makin da ba a tabbatar ba.

Aminai biyu masu wuni suna bugawa a gindin darbejiya, wasa uku kawai nake ƙirga musu a mako. Ina kuma faɗa wa yara cewa 1500 ɗinmu ba na FIDE ba ne, domin junanmu kawai muke karawa.